Huhun da Ya Nutse

Shekara ashirin da shida Tokiko ta yi tana tsaye a wuri guda, a gefen layin kayan ciki na mayankar aladu da ke bayan garin Kanoya, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama ta da kuskuren huhu ba. Ita ma ta san haka, ba ta kuma ɓoyewa. Idan sabon likitan dabbobi ya zo daga makaranta da littafinsa mai hotuna, sai ta bar shi ya gama jujjuya shafuka, sannan ta ɗora masa huhu a tafin hannu ta ce, "Rufe idonka ka matsa. In ka ji laushi kamar soso, lafiya ƙalau. In ka ji kamar hanta ka riƙe, to buɗe idon, aiki ya same ka."

Aikin ba ya jiran kowa. Ƙarfe takwas na safe layi ke tashi, kowane alade ya zo a rataye, kayan cikinsa na biye da shi a tire, da lambar gonar da ya fito. Kafin mutum ya haɗiyi yawu sau biyu, Tokiko ta duba, ta shafa, ta tsaga, ta danna maki a allon da ke gabanta: sifili ga huhu mai tsabta, har zuwa huɗu ga wanda ciwo ya cinye. Huhu mai ciwo a jefa shi kwandon zubarwa. Naman kuwa, in dai shi lafiyarsa lau, a buga masa hatimi ya wuce kasuwa. To nan gizo ke saƙa wa makiyayi, domin shi nama yake gani ya wuce, huhu kuwa bai taɓa sa shi a ido ba. Ƙarshen wata ofis ya aika wa kowa takardar sakamakon aladunsa. Masu karantawa su karanta, masu ɗora butar shayi a kai su ɗora.

Lamba arba'in da bakwai ita ce gonar Ijichi, gidan da aka haifi Tokiko. Mahaifinsu ya rasu shekara tara da suka wuce, yayanta Gensaku ke riƙe da gonar shi kaɗai, tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka tare a Osaka. Aladun gonar baƙaƙe ne masu fararen ƙafafu, an tashe su da dankali, kitsen bayansu fari tas. A da, in tiren arba'in da bakwai ya iso gabanta, hutawa take yi.

Tun watan Disamba abin ya fara canzawa. Da fari biyu cikin goma ne suka zo da gefen huhunsu na gaba ya yi duhu, ya daskare. A Janairu suka zama biyar. Ranar wata Talata a farkon Maris aka kawo goma sha biyu, tara daga ciki ta danna musu uku ko huɗu, biyu kuma huhun ya manne da haƙarƙari har sai da aka kankare shi da wuƙa.

Arimura, mahaucin da ke farke ciki a kusa da ita, ya leƙo ta saman kafaɗarta. "Likita, aladun yayan naki sun fara shan taba ne?"

"Kula da yatsunka, Arimura, guda tara suka rage maka."

Ya yi dariya ya koma bakin aikinsa. Ita kuwa dariyar ba ta zo mata ba, don ta san abin da Arimura bai sani ba. A watan Afrilu Gensaku zai miƙa matasan aladu mata ashirin na iri ga gonaki huɗu ta hannun ƙungiyar makiyaya. Karo na farko ke nan da ƙungiyar ta zaɓi jinin Ijichi, abin da mahaifinsu ya mutu yana buri bai gani ba. In matan nan suka tafi da wannan ciwon a ƙirjinsu, gonaki huɗu za su kamu, kuma a yankin nan ba a manta wanda ya kawo wa mutane cuta. Ko wutsiya ba za a sake saye daga gidan Ijichi ba. Ga shi ciwon ba ya cikin waɗanda doka ta ce a kai rahotonsu, sakamakon kuma na mai gona ne, likita ba ta da ikon nuna wa kowa. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya tsayar da matan nan, shi ne Gensaku, kuma kaf yankin babu mai taurin kansa.

Da aka tashi aiki ta yi wanka, ta sake kaya, ta kama hanyar gona. Lokacin sanyi iska daga arewa take kaɗawa, saboda haka duk tokar da Sakurajima, dutsen nan mai aman wuta, ya amayar, a kansu take sauka. Gilashin mota ya yi furu-furu, a bakin kowane gida an jera jakunkunan toka masu ruwan ɗorawa ana jiran motar kwasa.

A bakin shinge ta tsaya, domin wanda ya wuni a mayanka ba ya shiga ɗakin aladu a ranar. Ba ta ma buƙaci shiga ba. Doguwar rumfar nan ta mahaifinsu an naɗe ta da leda tun daga rufi har ƙasa, an bi da katako an buga ƙusa. Tagogin sama guda goma sha biyu, waɗanda tana yarinya ita ke hawa tsani ta buɗe su duk lokacin da toka ta lafa, ko alamarsu ba a gani. Tsanin ma yana yashe cikin ciyawa, toka ta rufe shi. Duk da ledar, zarnin fitsari ya iso har inda take ya sa mata hawaye.

Ta tarar da Gensaku a ɗaki, ya miƙe ƙafa ɗaya a ƙarƙashin tebur, yana kallon hasashen iska a talabijin. Ya turo mata dafaffen dankali ba tare da ya dube ta ba. Butar shayi na zaune a kan ambulan uku na ofishinta, ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Yaya, ka ga takardun da muka aiko?"

"Ga su nan suna aiki."

"Tara cikin goma sha biyu yau. Huhunsu ya lalace."

"Naman ya wuce?"

"Ya wuce."

"To me kuma?" Ya ɓare dankali. "Toka ce. Bana dutsen nan haukacewa ya yi. Gobe zan ƙara leda ta biyu ta gefen arewa, akwai inda take shiga."

"Ba toka ba ce, Yaya. Ledar ce."

Sai a nan ya juyo ya dube ta. Gensaku yana da irin girar mahaifinsu, masu haɗewa wuri guda in rai ya ɓaci. "Ke da kika gudu daga gona kika koma wurin masu farke su, yau ke za ki koya min kiwo? Baba da me ya mutu? Ba tari ba? Shekara saba'in yana shaƙar tokar nan. Ni ba zan bar aladuna su shaƙe ta ba."

"Baba rufewa yake yi in dutse ya yi amai, ya buɗe in ya lafa. Bai taɓa barin su a rufe kwana biyu ba."

"Baba daban, ni daban."

"Ba sa tari da safe in ka tashe su?"

"Alade ai yana tari."

"Ba su ƙara maka sati biyu uku kafin su kai nauyi ba?"

Sai ya ce abincin bana ne ba shi da kyau.

Ranta ya ɓaci, ta kuma faɗa masa ya ɓaci. Ta ce in ya miƙa matan nan a haka, sunan Baba zai zubar a kwata. Ya ce sunan Baba shi ke ɗauke da shi a wuya shekara tara, ba mai farar riga ba. Ta miƙe, ta durƙusa gaban hoton mahaifinsu ta kunna turare kamar yadda aka saba, ta fita ba ta ci dankalin ba.

A hanya fushin ya sauka, ya bar ta da tunani mai sanyi. Ta san yayanta. Takarda ba ta shiga kansa, maganar ƙanwa kuwa ko kusa. Amma mutum ne da zai shafa bayan alade ya faɗa maka nauyinsa bai kuskure da kilo biyu ba. Abin da hannunsa ya taɓa, ba ya musu da shi. In ta samu ta ɗora masa huhun nan a tafi, magana ta ƙare, wannan ba ta da ko shakka a kai. Sai dai huhun da aka yanke wa hukunci ba ya fita daga mayanka, Gensaku kuma ba ya shiga. Al'adar gidansu ce tun kakansu: ka kai alade bakin ƙofa, ka cire hula ka sunkuya masa, ka juya. Mai kiwo ba ya kallon cikin abin da ya kiwata.

Rana ɗaya ce a shekara yake ƙetare ƙofar nan, ita ce ranar tunawa da rayukan dabbobi, kuma ta faɗo Juma'ar mako mai zuwa. Ta duba jadawali, ta ga arba'in da bakwai na da aladu a layin safiyar ranar. Haka ma lamba goma sha biyar.

Goma sha biyar gonar Goggo Kukita ce, maƙwabciyarsu ta ƙasan tudu, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu da bakin da ba ya gajiya. Rumfunanta rufi ne kawai da raga, iska na shiga ta ko'ina, aladunta baƙaƙe amma rabin shekara toka-toka ake ganin su. Gensaku na kiran gonar gidan malalata. Tokiko ta buga mata waya ta nemi izinin nuna huhun aladenta ga mutum ɗaya.

"Wane mutum?" in ji tsohuwar.

"Yaya Gensaku."

"Mai naɗe rumfa kamar kifin kasuwa? Nuna masa, 'yar nan. Amma da sharaɗi, ina wurin. Ba za a yi wannan kallon ban da ni ba."

Ranar Juma'a aka gama layi da wuri. Ƙarfe goma sha ɗaya kowa ya hallara a gindin dutsen tunawa da ke bayan mayanka: mahauta cikin wankakkun kaya, likitoci, direbobi, makiyaya cikin baƙaƙen kwat da ba sa fitowa sai biki ko makoki. An jera kabeji, dankali, buhun dusa da kwalbar giyar dankali a gaban dutsen. Malamin haikali ya yi karatunsa, shugaban mayanka ya yi jawabin da yake yi kowace shekara ba ya canza ko wasali, sannan aka bi layi ɗaya bayan ɗaya ana zuba turare ana sunkuyawa. Tokiko ba ta taɓa raina wannan ranar ba. Duk wanda ke wurin, da ran aladu yake ci, kuma ya san da haka.

Gensaku ya daɗe a sunkuye fiye da kowa. Da ya ɗago ya nufi mota yana ɗan jan ƙafa, sai ya tarar da ƙanwarsa tsaye a gabansa riƙe da farar riga da takalman roba.

"Minti goma, Yaya."

"Kin san ba na shiga."

"Ba layi za ka ba. Ɗakin bincike ne, babu jini, babu ƙugiya."

"Na ce ba na shiga."

"Ƙyale shi, Likita," in ji Goggo Kukita daga bayansu, da muryar da ta isa har wurin ajiye motoci. Ta riga ta zura farar riga, ta sha mata har ƙasa. "Tsoro yake ji. Tun yana yaro haka yake, in za a yi wa alade allura sai ya ɓuya bayan randa. Ni na sha ciro shi."

Makiyaya biyu uku suka juyo suna murmushi. Kunnuwan Gensaku suka yi ja. "Goggo, ki ji da aladunki masu wanka da toka."

"Ina ji da su. Zo mu gani mana, in ka isa."

Ya fizgi rigar daga hannun Tokiko.

A ɗakin bincike ta ajiye tire biyu a kan tebur, kowanne da huhu, takardar lamba a kife a ƙarƙashi. Kusa da su baho ne cike da ruwa. Huhun tiren dama ja-ja ne mai haske, a kumbure sumul. Na hagu kuwa gefensa na gaba ya yi launin hanta, ya shafe, ga wasu zare-zare fari inda aka ɓamɓaro shi daga haƙarƙari.

"Duka na safiyar yau ne," in ji ta. "Ɗaya naka, ɗaya na Goggo. Wanne ne naka?"

Bai ko yi jinkiri ba. Ya nuna na dama. "Wannan. Wancan kuwa ai ga shi nan, toka ta dafa shi. Goggo, na sha faɗa miki."

"Ka sha faɗa," in ji tsohuwar.

Tokiko ta ɗauki wuƙa ta yanko ɗan yanki daga na dama, ta jefa a baho. Ya yi sama yana lilo a kan ruwa. Ta yanko daga na hagu ta jefa. Ya tafi ƙasa kai tsaye ya kwanta a gindin bahon.

"Mai iska a ciki shi ke tasowa," ta ce. "Wannan babu inda iska za ta zauna, ciwo ya cike gurbin. Aladen da ke ɗauke da shi da rabin ƙirji yake numfashi." Sannan ta zaro takardun biyu ta juya su.

Goma sha biyar a dama. Arba'in da bakwai a hagu.

Goggo Kukita ta buɗe baki za ta saki abin da ta tanada tun mako guda, sai ta dubi fuskar Gensaku, ta mayar da bakin ta rufe. Tokiko ta gode mata a zuci.

"An yi musanya," ya ce, amma muryar ba ta da ƙarfi.

"Shekara ashirin da shida, Yaya. Ban taɓa musanya ba, kuma ba zan fara da na gidanmu ba. Miƙo hannunka."

Ta zura masa safar hannu, ta ɗora masa huhun Goggo. "Rufe ido ka matsa." Ya matsa, abin ya lotsa ya dawo. Ta ɗauke, ta ɗora masa nasa. Manyan yatsun nan suka bi gefen a hankali, yadda yake shafa cikin uwa mai shirin haihuwa. Suka tsaya a wurin da ya daskare, suka matsa, suka sake matsawa.

"Kamar hanta," ya ce, idonsa a rufe.

"Buɗe idon ka ga wani abu." Ta tsaga kaluluwar da ke gindin maƙogwaron huhun Goggo, cikinta ya ɗan yi toka-toka. "Ga tokarka nan. Ta shiga, jiki ya tace ta ya ajiye a gefe, alade ya ci gaba da harkarsa." Ta tsaga ta nasa, babu ko ɗigo. "Ledarka ta yi aikinta, ko ƙwayar toka ba ta shiga ba. Iska ma ba ta shiga ba. Wata uku suna shaƙar zarnin fitsarinsu yana ƙona musu hanyar numfashi. Ɗaya ya yi tari, ɗari biyu su shaƙa, babu inda tarin zai fita. Kai kuma duk lokacin da ka ji tari, sai ka ƙara leda."

Gensaku ya daɗe yana kallon yankin nan da ke kwance a gindin baho. Daga baya ya tambaya, "Matan fa? Su ashirin ɗin?"

"Rumfa ɗaya suke da waɗannan?"

"Ɗaya."

"To ka san amsa. Likitan gonarku zai gwada su, ya ba da magani da rigakafi, wannan aikinsa ne ba nawa ba. Ana warkewa, Yaya. Na ga gonakin da suka fi naka lalacewa sun dawo sifili cikin wata shida. Amma ba a Afrilu ba."

Ya ajiye huhun a tire da hannu biyu, ya ja da baya, ya sunkuya masa kamar yadda yake yi a bakin ƙofa. Ya cire riga da safa ya fita. Ta taga Tokiko ta hango shi ya nufi inda shugaban ƙungiyar makiyaya ke tsaye cikin mutane da kwalin abincin rana a hannu. Ba ta ji abin da ya faɗa ba. Ta dai ga ya cire hula, ya sunkuya ƙasa sosai, a gaban kowa, ya daɗe bai ɗago ba. Ta san abin da wannan sunkuyon ya ci masa, kuma tausayinsa ya kama ta har ta kasa ci gaba da kallo.

"Ubanku ma da haka zai yi," in ji Goggo Kukita, tana fama da maɓallin riga. "Sai dai shi da sai ya fara zagin kowa tukuna. Cire min wannan abin, 'yar nan, na yi kama da fatalwa."

Da la'asar Tokiko ta bi shi gona. Ta same shi tsaye a gaban rumfa, hannu a aljihu, har yanzu da baƙar kwat ɗinsa. Dutsen ya yi shiru tun safe, sama ta washe.

"Sun ce za su jira matan zuwa lokacin kaka," ya ce ba tare da ya juyo ba. "In takardarki ta yi kyau."

"Za ta yi kyau. Ka cire ledar nan, ka koma yadda Baba yake yi. Ya yi amai ka rufe, ya lafa ka buɗe. Me ya yi zafi a ciki?"

Ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu har sama da gwiwa. Gwiwar ta kumbura ta yi biyun 'yar'uwarta, an ɗaure ta da wani tsohon bandeji da ya sha wanki.

"Watan Nuwamba," ya ce. "Daga taga ta takwas. Toka ta sa matakin ya yi santsi. Na fi rabin awa a kwance a nan, ina jin su suna kuka a ciki, na kasa tashi." Ya saki wandon. "Taga goma sha biyu, Tokiko. Bana akwai ranar da ya yi amai sau huɗu. Hawa nawa ke nan? Na ce in ba zan iya buɗewa da rufewa ba, gara su zauna a rufe. Daga baya ni kaina na yarda cewa don toka na yi."

"Kuma ba ka faɗa wa kowa ba."

"In faɗa wa wa? Yaran su ce in sayar in koma Osaka in zauna a bene? Ko ƙungiya ta ji cewa mai gonar Ijichi ba ya iya hawa tsani?"

"Ni fa? Ni ba mutum ba ce?"

"Ke likita ce."

"Ni ƙanwarka ce, shashasha!" Ba ta taɓa faɗa masa haka ba tun da aka haife ta, kuma da kuka a cikin muryar. Haushi take ji, nasa da na kanta. Ta ga ƙafar nan a miƙe a ƙarƙashin tebur, ta ga tsani a cikin ciyawa, ta ga yana jan ƙafa a wurin taro. Ita da ke gano ciwo cikin daƙiƙa goma a jikin alade, ta kalli yayanta sau uku ba ta gani ba.

Ta share ido da bayan hannu, ta koma Tokikon da aka sani. Ta ce Litinin za ta kai shi asibiti, ko yana so ko ba ya so. Ta ce surukin Goggo Kukita maƙeri ne, zai haɗa wa tagogin sarƙa da mariƙi yadda mutum zai murɗa daga ƙasa su buɗe gaba ɗaya, ta ga irinsa a gonaki da yawa. Gensaku ya ce shi ba zai roƙi gidan malalata komai ba. Ta ce ba roƙo zai yi ba, ita za ta yi magana, shi nasa ya kai musu buhun dankali ya yi shiru.

"Yau fa?" ya ce. "Ba ki da ikon shiga rumfa yau."

"Wa ya ce zan shiga? Tagogin ai daga waje ake buɗe su."

Ta shiga gida ta sake wanka, ta buɗe akwatin mahaifiyarsu ta ciro tsohon wandon aiki da ɗankwali. Da ta fito ta tarar ya jawo tsanin daga ciyawa, yana goge matakan ɗaya bayan ɗaya da hannun baƙar kwat ɗinsa. Suka jingina shi da bango. Ya riƙe ƙafafunsa da hannu biyu, ya tokare da ƙafarsa mai lafiya.

Ta hau, da shekara hamsin da uku a kanta da wuƙa a ƙugu. Ta soka wuƙar a leda ta ja ƙasa, ta ɓalle sakata, ta tura taga ta farko. Wani zazzafan tururi ya bugi fuskarta har sai da ta kau da kai. A ciki aka ɗauki tari, nan da can, busasshe, sannan a hankali ta ga hantuna farare suna ɗagowa sama suna shinshina. Ta sauko, suka matsar da tsani, ta buɗe ta biyu. Suka sake matsarwa.

Tana kan hawa na uku ya ɗaga murya daga ƙasa. "Yi hankali da wannan, sakatarta a lanƙwashe take. Sai kin ɗaga kafin ki tura."

"Na sani, Yaya," in ji ta, ta sa kafaɗa ta ɗaga. "Ai ni na lanƙwasa ta."